Akwatin ƙwallayen kemistiri: ya taimaka a kan CH4, ya ba ni kunya a kan ruwa

Da kuɗin aljihuna na sayi akwatin nan na ƙwallayen roba masu wakiltar atam (ƙananan ƙwayoyin sinadari) da sandunan haɗa su, saboda na gaji da zana CH4, wato iskar methane, a allo. Duk lokacin da na zana kabon a tsakiya da haidurojin huɗu kewaye da shi, sai yara su ɗauka kusurwar digiri 90 ce, tunda a allo abin shimfiɗe yake. Ranar da na miƙa wa wata yarinya baƙar ƙwallon kabon da fararen huɗu na haidurojin ta haɗa da hannunta, ta juya shi ta juya, ta ce, "Malam, ashe ba a kwance yake ba!" Wallahi na ji daɗi. Nan take ta gane inda ainihin kusurwar, digiri 109.5, ta fito: ilektiron suna ture juna, kowane haɗi na neman nesanta da ɗan'uwansa. CO2, iskar kabon dayoksaid, ma ya fito a miƙe, digiri 180. A wannan makon da an tambaye ni, zan ce kowane malami ya saya.

Sai muka zo kan amoniya da ruwa. A nan ne abin ya ɓata mini rai. Jar ƙwallon oksijin da shuɗiyar naitirojin, ramukansu iri ɗaya ne da na kabon. Na ɗauko ma'aunin kusurwa na gwada, duk 109.5 suke bayarwa. Alhali amoniya (NH3) kusan 107 ne, ruwa (H2O) kuma 104.5, domin ilektiron da ba su shiga haɗi ba (biyu a amoniya, huɗu a ruwa) sun fi ƙarfin turewa, suna matse sauran. Wannan shi ne zuciyar darasin, kuma babu ko yanki ɗaya a akwatin da ke wakiltarsu. Na yi bayani da baki, amma abin da hannu ya taɓa shi ya zauna. A gwaji, yara da dama suka rubuta 109.5 a kan H2O. Har da yarinyar nan.

Na koma wurin mai kayan, ya ce shi ma haka aka kawo masa. Ƙwallo mai rami biyar na PCl5 (fosfaros ɗaya haɗe da kilorin biyar) ma babu, ga sandunan da ke tsagewa in an cire da ƙarfi.

Yanzu ƙullun fulawa nake liƙawa a ramukan da babu sanda, in ce wa yara su ɗauka ilektiron ne.