Wata biyar da sa wa Baba na'urar ji: na yaba na'urar, masu sa ta kuwa har yanzu ina jin haushinsu

Baba yana da shekara 78, kuma shekara 6 ke nan da likitan zuciya ya gano bugun zuciyarsa ba ya tafiya a jere, ciwon nan da suke kira atiriyal fibrileshan. Ɗakunan zuciya na sama ne suke karkarwa maimakon su matsa sosai, sai jini ya kwanta a wani lungu ya daskare, gudan ya iya tafiya ƙwaƙwalwa. Haɗarin shanyewar ɓarin jiki yana ninkawa kusan sau 5, shi ya sa tun lokacin yake kan maganin tsinka jini. Ku riƙe maganar maganin nan, zan dawo kanta.

Shekara biyun da suka wuce Baba ya canza mana. Mutumin da in ya soma hira sai ka roƙe shi ya bari, ya koma zaman shiru. A tambaye shi wani abu ya ba da amsar wani, a gaya masa saƙo da safe ya ce da yamma ba wanda ya gaya masa. Duk gidan muka yanke cewa gigin tsufa ne ya iso, musamman da muka ji cewa masu irin ciwonsa sun fi saurin kamuwa da cutar mantuwa, ko da ɓarin jikinsu bai taɓa shanyewa ba.

Ranar da aka yi masa gwajin ƙwaƙwalwa ba zan manta da ita ba. Gwajin MoCA ne, maki 30, daga 26 zuwa sama ake ɗauka lafiya. Ma'aikaciyar tana sanye da takunkumi, kanta a sunkuye a kan takarda, ta karanto masa kalmomi biyar ta ce ya maimaita. Biyu ya kawo, ɗayar ma ba ita ba ce. Ta karanto lambobi, ya dube ni yana neman agaji, ni kuma an hana ni sa baki. Ya tashi da maki 19. A mota bai ce uffan ba sai da muka kusa gida, sannan ya ce, "Ashe haka zan ƙare." Na ce, "Baba, ku daina faɗin haka," amma ni kaina hawaye nake.

Likitar da ta duba takardar daga baya, Allah Ya saka mata da alheri, ita ta lura da abin da duk muka kasa gani. Agogon da aka ce ya zana ya zana shi tsaf, lambobi da hannaye kowanne a muhallinsa. Hotunan dabbobi duk ya faɗi sunayensu. Abin da ya gani da ido ya ci, abin da aka karanta masa da baki nan ya zubar da maki. Ta tambaye ni yaushe rabon a gwada jinsa. Ba a taɓa ba. Ta bayyana mini cewa sashen cikin kunne mai kama da katantanwa wata 'yar siririyar jijiya guda ɗaya ce take kai masa jini, ba shi da wata hanyar, don haka duk abin da ya taɓa tafiyar jini yana iya taɓa shi, ga kuma tsufa da yake cin nasa rabon.

Gwajin ji ya nuna kunnuwan biyu duk sun yi rauni, musamman ga siraran sauti irin "s" da "f" da "sh". Shi ya sa yake jin ana magana amma ba ya tsintar kalmomin, kuma muryar mata da yara ta fi ɓace masa. Muka ɗauki na'urar ji guda biyu, irin waɗanda ake rataya a bayan kunne, masu caji.

Daren farko muna zaune ya ɗaga kai ya ce, "Wa ya bar famfo yana ɗiga?" Famfon ya fi shekara yana ɗiga. Can jikarsa 'yar shekara huɗu ta yi masa magana daga bayansa, ya amsa mata daidai ba tare da ya juyo ba. Mama ta tashi ta shige ɗaki don kada a ga fuskarta. In da a wannan makon na rubuta sharhin nan, da taurari biyar zan bayar har in nemi na shida.

Bayan wata uku aka sake gwajin ƙwaƙwalwar, na'urar tana kunne, ya samu 24. Likitar ba ta bar mu mun yi murnar da ta wuce kima ba. Ta ce wani ɓangare na ƙarin sabo ne da gwajin, kuma hoton ƙwaƙwalwarsa ya nuna ƙananan tabo, alamar 'yan gudajen jini sun taɓa wucewa ba wanda ya sani. Wato mantuwar tana nan, amma ba ta kai yadda muka ɗauka ba, kurunta ce ta ninka ta. Wannan bambancin shi ne babban abin da na'urar ta ba mu. Na je na karanta binciken ACHIEVE da aka buga a mujallar Lancet a 2023, wanda aka yi a Amurka kan tsofaffi 977 masu shekara 70 zuwa 84 tsawon shekara 3. In an haɗa kowa da kowa, na'urar ba ta kawo bambanci ba, amma a rukunin da ya fi tsufa kuma ya fi matsalolin lafiya, saurin raguwar tunani ya ragu da kashi 48 cikin ɗari. Ina ganin Baba a wannan rukunin yake, don haka ko ya yi ƙorafin nauyi a kunne ba na bari ya ajiye ta.

To amma duk sanda na tuna mako na uku sai raina ya sake ɓaci. Na'urar hagu ta riƙa yin fito, muka koma wurin da suka sa masa. Saurayin da ya karɓe mu ya leƙa kunnen Baba ya ce datti ne ya toshe, ya ɗauko wani ɗan ƙarfe ya shiga ƙwaƙula. Baba ya zabura, shi kuma ya ce ba komai, ɗan ƙarce ne, ya sa auduga ya canza robar bakin na'urar zuwa wadda ta fi matsewa, ya tura ta ciki. Ƙarfe biyun dare Mama ta kira ni a waya muryarta tana rawa. Matashin kai ya jiƙe da jini, yana bin wuyansa har cikin riga. Ɗan ƙarcen da ga wani zai tsaya cikin minti biyu, ga mai shan maganin tsinka jini sai da muka kwana a sashen gaggawa aka cusa masa magani a kunne kafin ya tsaya.

Abin da ya fi ƙona mini rai, takardar da muka cika ranar farko shafi uku ce, an tambayi aikin da ya yi, an tambayi irin wayar da yake riƙewa, amma ba layi ɗaya da ya tambayi magungunan da yake sha. Ni da bakina na gaya wa ta gaban tebur cewa yana da ciwon zuciya kuma yana shan maganin tsinka jini, ta gyaɗa kai, ashe ba inda ta rubuta. Wurin da yawancin masu zuwansa tsofaffi ne! Da na koma na yi magana, amsar da na samu ita ce ba a taɓa samun irin haka ba. Ko sannu ba su ce a gaya masa ba.

Kwana goma ya yi ba na'ura a kunnen, ɗayar ma ya ƙi sawa don tsoro. A kwana goman nan na ga tsohon shirun ya dawo, ya koma gyaɗa kai ga maganar da bai ji ba, har ya rikita lokacin shan magani sau ɗaya don bai ji abin da Mama ta ce ba. A nan na gane yadda muka dogara da abin, a nan kuma na fi jin zafin sakacin.

Akwai wani kuma. Likitan zuciya ya ce nan gaba mai yiwuwa a dasa wa Baba na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji. A littafin na'urar jin, cikin ƙananan rubutu, an ce a nisanta ta da irin wannan dashe da aƙalla santimita 15. Baba kuwa in ya cire su aljihun gaban riga yake jefa su, daidai wurin. Na tambayi masu sayarwar, suka kalli juna. Ni na nuna musu shafin.

Sauran abubuwa ba laifi. Caji yana kai shi daga safe har dare, sauti yana fita garau a ɗaki, a cikin taron jama'a kuwa har yanzu yana wahala. Ɗan matacin da ke tare datti ya yi ƙanƙanta ga yatsun tsoho, ni nake canza masa.

Na'urar ta ci huɗu cikin biyar, wurin da suka sa ta ɗaya, ita ma don gwajin jin da suka yi daidai ne. Yanzu likitan kunne kaɗai ke taɓa cikin kunnen Baba, kuma na rubuta sunan maganinsa da manyan baƙaƙe na manna a murfin akwatin cajin, don duk wanda zai karɓi na'urar ya fara karanta shi.