Agogon Gudu ko Agogon Wasanni Uku?

Gasar tirayatalon ta Olamfik ninƙaya ce ta kilomita 1.5, sai keke kilomita 40, a rufe da gudun kilomita 10. Agogon gudu mai GPS, wato mai gano wuri ta tauraron ɗan adam, irin Garmin Forerunner 55, yana auna keke da gudu lafiya ƙalau, ga rashin nauyi, ga sauƙin kuɗi. A buɗaɗɗen ruwa, kamar tafki ko teku, yake gazawa. Siginar tauraron ɗan adam ba ta ratsa ruwa, hannu kuwa yana nutsewa yana fitowa, sai lissafin nisa ya rikice.

Agogon wasanni uku, kamar Forerunner 255, an tsara shi ya kama sigina a ɗan lokacin da hannu ya ɗago sama, ya cike giɓin da lissafi. Abin da ya fi burge ni shi ne wurin sauya wasa. Ka fito daga ruwa kana haki, yatsu sun yi sanyi, danna maɓalli ɗaya ya wadatar agogon ya koma mataki na gaba. Da agogon gudu sai ka tsayar da shi, ka adana lissafin, ka lalubo tsarin keke a cikinsa, abokan karawa suna wuce ka.

Mai gwada gasar karon farko ya riƙe agogon da yake da shi. Wanda ya ɗauke ta da gaske, agogon wasanni uku nake ba shi shawara.