Gargaɗi ga 'yan uwa tsofaffin sojojin Amurka: ku kiyayi mai "gyara" takardun GI Bill

Jama'a, wallahi ina rubutun nan raina a ɓace. Dala 1,800. Dala 1,800 na ba mutumin nan don ya cike mini fom ɗin da kyauta ake cikewa. Fom 22-1990 na neman GI Bill, wato tallafin karatun tsofaffin sojoji, a hukumar VA mai kula da su, ko sisi ba a biya, a waya ma kana iya yi.

Kuɗin ma da sauƙi. Watannina ne suka fi ƙona mini rai. Duk wanda ya sa kaki a ƙasar nan ya san Post-9/11 GI Bill wata 36 ne, VA ta biya makaranta kai tsaye, ta ba ka kuɗin haya duk wata, da na littattafai har dala 1,000 a shekara. Wata 14 cikin 36 sun tafi a makarantar kwamfutar da ya kai ni. Da na je kwalejin gwamnati neman ci gaba, matar ofishin ta duba sakamakona, ta ce ba za su karɓi ko darasi ɗaya ba. Wata 14 a banza!

Kada kowa ya ce mini ban yi bincike ba. Na yi. Makarantar tana cikin jerin waɗanda VA ta amince ta biya, da idona na gani. Wa zai gaya maka cewa amincewar VA daban, wata kwaleji ta karɓi darussanka daban? Kuma ba a intanet na tsinci mutumin ba. A ƙofar masallaci ne a Bronx, New York, bayan Juma'a, ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ce, "Ƙanena, ka yi wa ƙasar nan bauta, ba zan bari haƙƙinka ya salwanta ba." Da Hausa ya faɗa. Hannu biyu, jama'a. Ya tambayi takardar sallamata da sunanta, DD-214, ya san ana lissafin kuɗin haya ne da matsayin soja na E-5 da unguwar da makaranta take. Ina ce masa Yaya. Wa zai yi zaton ɗan damfara ne?

Kafin maganar kwalejin ma, tun watan farko kuɗin haya ya zo a gutsure. Ashe duk darussan ta intanet ya yi mini rajista, mai karatu ta intanet zalla kuwa rabin matsakaicin kuɗin ƙasa ake ba shi, ba na New York ba. Na kira shi, ya ce kuskuren VA ne, in ƙaro 1,000 ya gyara. 800 ne na farko, a hannu, 1,000 ɗin ta biyo baya ta manhajar tura kuɗi ta Zelle. Duka dai 1,800. Yanzu lambarsa ba ta shiga.

Dokar GI Bill ta 2017 tana mayar wa mutum watanninsa idan makaranta ta rufe, kamar yadda makarantar ITT Tech ta rufe a 2016. Wannan ba ta rufe ba, tana nan tana ɗibar wasu. Na shigar da ƙorafi a shafin VA. Hotunan hirarmu ta WhatsApp da rasit ɗin Zelle suna hannuna, zan saka su da daddare in na rufe sunayen mutane.

Kada ku biya kowa kuɗin cike fom. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji na DAV da VFW suna taimakawa kyauta. Kafin ku sa hannu, ku kira kwalejin gwamnati ku tambaya ko tana karɓar darussan makarantar.