DBeaver da jan launin da ya cece ni ranar Alhamis

Shekara ta uku ke nan ina kula da rumbun bayanan wata ƙungiyar adashi ta ma'aikata a nan Katsina, ofishinmu can wajen Ƙofar Ƙaura. Sunayen mambobi, abin da ake cire wa kowa a albashi, wanda ya ci bashi da wanda ya biya, duk suna cikin PostgreSQL, wato manhajar da ke riƙe da rumbun, ni kuma da DBeaver, manhajar dubawa da gyara abin da ke cikin rumbu, nake shiga in fita. Na kyauta nake amfani da shi, wanda suke kira Community.

Abin da ya fara jawo ni gare shi shi ne taga ɗaya ta ishe ni. Tsohon rumbunmu MySQL ne, sabon PostgreSQL, ga wani ɗan SQLite da aka gada daga wanda ya riƙe aikin kafin ni, duk ina buɗe su gefe da gefe. Sai dai ranar farko ka tabbata kana da data, domin kowane irin rumbu sai ya sauko da direbansa, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa su, daga intanet kafin ya haɗu.

Amma ba wannan ya sa na zauna rubutu ba. A DBeaver kana iya gaya masa wane rumbu ne na gwaji, wane ne na gaske. Na gasken sai ya shafa masa ja, ya kuma daina adana canji da kansa, sai ka danna Commit, maɓallin adanawa, da hannunka. Da na saita haka, ɗan bautar ƙasar da ke tare da ni har dariya ya yi, wai "Oga, kwalliya kake wa kwamfuta?"

Wata Alhamis a ƙarshen wata, bayan La'asar, an ɗauke wuta, janareto na ta ƙara, ma'aji yana tsaye a kaina yana jiran lissafi. Mutum ɗaya zan gyara wa adadin da ake cire masa. Na rubuta UPDATE, umarnin canza bayani, na manta WHERE da ke faɗin layin wa za a canza, na danna Ctrl da Enter. Manhajar ta yi gargaɗi, ni kuwa hannu ya riga ido, na amince. Sai na ga adadin layukan da suka canza: kowa da kowa, har shugaban ƙungiya. Gabana ya faɗi. Jan nan na gani na tuna ba a adana komai ba tukuna. Na danna Rollback, mai soke canji, komai ya koma yadda yake. Ma'aji ya ce, "Malam, lafiya kake gumi?" Na ce zafi ne, Alhaji. A watan Afrilu a Katsina wa zai musa?

Yana da nauyi, wannan gaskiya ne, da Java aka gina shi. Tsohuwar kwamfutata mai RAM 4GB sai ta yi nishi kafin ta buɗe shi. Da na mayar da ita 8GB magana ta ƙare. Zanen da yake fitarwa na yadda teburori ke haɗe da juna ya taimake ni wajen yi wa kwamiti bayani, su da ba ruwansu da SQL, yaren da ake ba rumbu umarni da shi. Fitar da rahoto zuwa CSV, fayil ɗin da Excel ke buɗewa, ma ba wuya.

Ajiyar kwafi kuwa ban bar masa ba. Tsara aiki ya riƙa tashi da kansa yana cikin na kuɗi, da dala ake biya. Don haka pg_dump mai kwafe rumbun da cron mai tayar da aiki a kan lokaci ke yi mini wannan da ƙarfe 2 na dare, in inbata ta kai, kowace Juma'a kafin masallaci kuma in mayar da kwafin a rumbun gwaji in ga ko yana tashi.

Ɗan bautar ƙasar nan ya gama ya koma garinsu. Makon jiya ya kira ni yana tambayar inda ake sa jan.