WHERE ko HAVING: amsa ga mai tambayar cinikin hatsi

Ƙanena, na ga tambayarka. Ka ce kana haɗa wa wani dillalin hatsi na kasuwar Mai'aduwa rumbun bayanai, kana son fitar da kayan da cinikinsu ya haura naira miliyan 2. Ka rubuta WHERE SUM(kudi) > 2000000, sai MySQL, manhajar da ke sarrafa rumbun bayanan, ta tsaya cak, ta nuna maka kuskure mai lamba 1111.

WHERE da HAVING dukansu biyu tacewa suke yi, lokacin aikinsu ne ya bambanta. Injin yana farawa da FROM, sai WHERE, sai GROUP BY mai tara layuka rukuni-rukuni, sannan HAVING. Shi SELECT daga baya yake zuwa, duk da shi ka fara rubutawa. To a lokacin da WHERE ke aiki ba a tara komai ba tukuna, layi ɗaya bayan ɗaya yake dubawa. Ina zai samo jimillar da ka tambaye shi? Kamar sheƙar gero ne da awo: WHERE yana fitar da ƙaiƙayi kafin a zuba a buhu, HAVING kuwa sai an ɗinke buhunan yake ɗora su a sikeli.

Ga yadda za ka rubuta:

SELECT kaya, SUM(kudi)
FROM ciniki
WHERE shekara = 2024
GROUP BY kaya
HAVING SUM(kudi) > 2000000;

Gero, dawa, masara, wake, kowanne zai fito a layi guda da jimillarsa, wanda bai haura miliyan 2 ba a bar shi.

Shawarata, duk sharaɗin da bai shafi SUM (jimilla), COUNT (ƙirga), AVG (matsakaici), MIN (mafi ƙanƙanta) ko MAX (mafi girma) ba, ka sa shi a WHERE. Ina ganin masu koyo da yawa suna jibga komai a HAVING don sun ga yana karɓa, alhali rage layuka tun da wuri shi ne mafi sauƙi ga injin, musamman idan littafin ciniki ya yi kauri.

Wani abu kuma da ke damuna, domin kuɗin mutane ne: wanda ya ɗauki kaya bashi, idan ka bar gurbin kuɗinsa NULL, wato babu komai a ciki, COUNT(*) zai ƙirga shi, COUNT(kudi) ba zai ƙirga ba. AVG ma tsallake shi zai yi, ba zai ɗauke shi a matsayin sifili ba. Ka zauna da Alhajin ka ji yadda yake lissafin bashi kafin ka zaɓa.

Idan ka laƙaba wa jimillar suna da AS, MySQL za ta bari ka kira sunan a HAVING, amma PostgreSQL, wata manhajar rumbun bayanai irinta, ba za ta yarda ba. Can sai ka maimaita SUM(kudi) ɗin.