Jama'a masu kombain a yi hattara, akwai wani ɗan damfara yana yawo a guruf-guruf

Assalamu alaikum 'yan uwa manoma, musamman masu tsofaffin injinan girbi irin nawa. Na so in yi shiru saboda kunya amma jiya na ji mutumin ya sake cin wani bawan Allah, to shirun ba shi da amfani.

Injina Claas Dominator ne, ɗan Jamus, tsoho ne sosai don ya girmi babban ɗana, amma wallahi in ya samu kulawa yana aiki kamar ba gobe. Muna tsakiyar yankan shinkafar rani a wajen Kura sai fulin da ke juya gangar sussuka, wato ƙarfen da bel ke zagayawa a kansa, ya tsage. Duk wanda ya san aikin nan ya san me wannan ke nufi, shinkafa ta bushe a tsaye tana zubewa, tsuntsu na ci, hadari ya fara haɗuwa ta gabas, ga mutanen da na karɓi kuɗin aikinsu suna ta kira ɗaya bayan ɗaya. Na zaga Kofar Ruwa kwana biyu ban samu ba, na kira wani a Panteka ta Kaduna shima babu.

A cikin wannan halin ne na saka cigiya a wani guruf na WhatsApp, ko minti ashirin ba a yi ba sai ga kira. Hausa tsaf a bakinsa, Alhaji kaza Alhaji kaza, wai shagonsa na Legas kusa da Ladipo, kwantenarsa ta kayan Beljiyam ba ta daɗe da sauka ba. Ya turo hotuna masu kyau har da bidiyon sito cike da kaya. Ya ce in tura rabi, dubu 180, ya sa a mota, in kaya sun iso tasha in cika. Na tura. Washegari ya ce direba ya ƙi ɗauka sai an ƙara kuɗin webil saboda nauyi, na ƙara dubu 25. Kwana huɗu sai ga kwali an naɗe da salatif kamar abin arziki. Bakanikena Malam ya buɗe, ya juya abin sau biyu a hannu ya kalle ni ya ce Alhaji wannan ai ba na kombain ba ne ma. Tsohon fuli ne na wani inji daban, an wanke an fesa masa koren fenti, fentin ma ko bushewa bai gama yi ba. Na kira layi a kashe, na duba WhatsApp ya yi bulokin ɗina. Daga baya wani yaro ya nuna min hotunan nan duk daga shafin masu sayar da kaya a Turai ya kwaso su.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne alamar tana gabana tun farko ban gani ba. Mutumin nan bai taɓa tambayata lambar inji ba. Dominator kala-kala ce, akwai 68 akwai 76 akwai 88 da sauransu, kuma ko a samfuri ɗaya kamfani kan canza kaya daga wata lamba zuwa wata. Mai kaya na gaskiya kafin ya faɗi kuɗi sai ya dame ka, turo hoton farantin da ke jikin injin, turo lambar da ke jikin abin da ya lalace, auna min kaurin shaf, wato sandar ƙarfen da fulin ke zama a kai. Shi kuwa wannan komai ka ce sai ya ce akwai. Da na ce masa ina neman ƙahon zomo ma cewa zai yi akwai.

Sannan wani abu da Malam ya daɗe yana faɗa min ina ƙi ji, ba komai ne sai na kamfani ba. Boris dai lamba ce a jikinsa, in ka ga 6205 ko 6206 to ko'ina ka je girmansa ɗaya, sai dai ka kula da jabu don ana buga sunan manyan kamfanoni a kwalin banza. Bel ma haka, da sarƙa, ka ɗauki tsohon ka je da shi kasuwa a gwada a gabanka. Haƙoran wuƙar yanka da bel da boris kuwa tun kafin kaka ya kamata mutum ya aje, a duba giris a kakkaɓe ƙaiƙayin da ke toshe lagireto, don ɓarayin nan lokacin girbi suke jira, sun san ido ya rufe ba ka da lokacin bincike.

In dole sai daga nesa, ka sa ya kira ka ta bidiyo ya riƙe kayan a hannu ya ɗora awo a kai, ko ka nemi ɗan uwa a garin ya je shagon da ƙafarsa. Kuma ka duba sunan da ke fitowa a akawun, nawa sunan mace ne ya fito ya ce wai matarsa ce, ni kuma na yarda.

Na kai ƙorafi banki da wajen 'yan sanda, muna jira. Fulin kuwa a ƙarshe jikin wata matacciyar Dominator muka ciro shi a wajen Haɗeja, mai ita ya ce in akwai mai son rariya ko gangar ma suna nan. Yanzu naji ɗan damfarar ya canza layi da hoto yana tallan ƙafar roba ta Kubota, dan Allah a tura wa masu kombain Kubota DC-70 su sani.