Zama a ƙaramin garin tsauni a ƙasar waje: wanne ya fi, Boquete, Bansko, Vilcabamba ko Shafshawan?

Iska ce ke fara jan mutum zuwa garin tsauni, kuɗin haya ya biyo baya. Duk hawan mita 1,000 zafi na raguwa da kusan digiri 6 da rabi, don haka a irin waɗannan garuruwa ba a neman na'urar sanyaya ɗaki, kuma gida bai kai tsadar na babban birni ba. Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ni dai kafin in tambayi kuɗin haya, abu uku nake fara bi: wace takarda ce za ta ba ni damar zama, minti nawa ne zuwa asibitin kirki, kuma yaya garin yake a lokacin da ya fi muni cikin shekara.

Boquete, a lardin Chiriquí na ƙasar Panama, shi ne mafi sauƙi ta fuskar takarda. Garin yana kan tsayin kusan mita 1,200, a gindin Barú, dutsen da ya fi kowane tsayi a ƙasar, ga gonakin kofi ta ko'ina. Panama na da bizar 'yan fansho da suke kira Pensionado: wanda ya nuna yana karɓar fanshon dala 1,000 a wata har iya rayuwa zai samu izinin zama na dindindin, a ƙara dala 250 a kan kowane mutum da yake ɗauke da nauyinsa. Da wannan takarda ana samun rangwame a kan magani, tikitin jirgi da kuɗin wuta. Dalar Amurka ake kashewa, ba ruwanka da ciwon kan canji. Asibitoci suna birnin David, tafiyar kamar minti 45 a mota. Cikas ɗin biyu ne. Tun farkon shekarun 2000 'yan fansho daga Amurka da Kanada suke kwarara, har arahar da ta yi wa garin suna ta fara zama tarihi. Na biyu kuma danshi. Akwai wani siririn yayyafi da mutanen wurin ke kira bajareque, wanda a hoto abin sha'awa ne, amma ka ajiye takalmin fata a kabad wata ɗaya cikin damina ka ga yadda zai yi hunhuna. In za ka duba gida a can, ja kabad daga jikin bango ka leƙa bayansa, ka shinshina katifa, kada ka tsaya kallon fentin falo.

Bansko na Bulgeriya labarinsa daban. Yana gindin tsaunukan Pirin, mita 900 da ɗoriya, kilomita kusan 160 daga Sofiya, babban birnin ƙasar. Kafin durƙushewar tattalin arziki ta 2008 an yi ta gina benaye don masu zuwa wasan zamiya a kan ƙanƙara, ginin ya fi masu saye yawa, shi ya sa ɗakunan kwana suka daɗe suna araha ƙwarai in an auna da sauran Turai. Masu aiki ta intanet sun gane haka, suka mayar da garin sansaninsu, ga harajin kuɗin shiga kashi 10 cikin ɗari kacal. To amma araha ba ta ado. Yawancin benayen nan akwai kuɗin kula da gini da ake biya duk shekara, ko kana ciki ko ba ka ciki, kuma dillali ba ya gaggawar ambatonsa. Ga kuɗin ɗumama ɗaki daga Disamba zuwa Maris, wanda zai iya cinye abin da aka rage a haya, musamman a ginin da aka yi shi don hutun mako guda. Takarda ma ta fi wuya: Bulgeriya ta shiga yankin Shengen (ƙasashen Turai masu amfani da biza guda) gaba ɗaya a Janairun 2025, wato baƙo daga wajen Tarayyar Turai kwana 90 kawai yake da su cikin kowane kwana 180. Mai son wuce haka sai ya nemi bizar dogon zama mai alamar D a ofishin jakadanci tun kafin ya taso. Yana iya sayen ɗaki a bene da sunansa, amma fili sai ta hanyar kamfani.

Vilcabamba, a kudancin Ekwado, ya fi Boquete sauƙin rayuwa, shi ma dala ake kashewa tun shekarar 2000, kuma yanayinsa a mita 1,500 ba zafi ba sanyi. Za ka ji ana kiransa kwarin masu tsawon rai. Kada wannan ya shiga lissafinka, domin masu bincike da suka bi takardun haihuwa a ƙarshen shekarun 1970 sun gano tsofaffin garin ƙara wa kansu shekaru suke yi. Abin da ya kamata ya shiga lissafi shi ne babban asibiti sai a birnin Loja, tafiyar kusan awa guda, da kuma cewa a 2024 fari ya janye ruwan madatsu har aka riƙa ɗauke wuta a ƙasar na awa 14 a rana. Mai aiki ta kwamfuta ya sa batir da faranti mai kama hasken rana a kasafinsa.

Shafshawan, wanda a taswira ake rubutawa Chefchaouen, shi ne shuɗin garin nan na tsaunukan Rif a arewacin Maroko, an kafa shi a 1471. Shi ya fi sauran ƙasa, mita 600 ne ko kusa da haka, saboda haka bazararsa na da ɗan zafi, hunturunsa kuma ruwa da sanyi a cikin gidajen da ba a yi musu abin ɗumama ba. Babu jirgin ƙasa, babu filin jirgin sama. Birnin Tetuwan na da nisan kilomita 60, birnin Tanja fiye da 100. Cikin tsohon gari mota ba ta shiga, matakala ce hawa da sauka, tukunyar gas ma a kafaɗa ake kai ta. Mai ciwon gwiwa ya nemi gida a sabuwar unguwa. Wanda zai wuce kwana 90 yana neman katin zama a ofishin 'yan sanda. A nan sayen gida ne ke buƙatar nutsuwa: tsofaffin gidaje da yawa takardar gargajiya ce gare su, wadda ake kira mulkiya, kuma sau da yawa gidan gado ne mai magada rututu, ɗaya ya ƙi sa hannu ciniki ya tsaya. Nemi gidan da ke da rajista a ofishin filaye. Kuɗin sayen kuma a shigo da shi ta asusun banki da aka keɓe wa kuɗin waje, in ba haka ba ranar sayarwa fitar da shi daga ƙasar zai zama aiki. Gonar noma ba a sayar wa baƙo.

Wata magana da 'yan talla ba sa yi: mai ciwon sikila, ko na zuciya ko huhu, ya ga likita kafin ya zaɓi garin da ya kai mita 1,500, don iskar shaƙa na raguwa da hawa. Ko girki yana canzawa, ruwa na tafasa a kusan digiri 95, wake ya ƙi nuna da wuri.

In fansho ne da kai kuma shekaru sun ja, Boquete zan nuna maka duk da tsadarsa, saboda takarda da asibiti. Matashi mai aiki ta intanet wanda sanyi bai dame shi ba, Bansko, matuƙar ya warware batun biza. Mai jin Larabci ko Sifaniyanci da ke son garin da mutanensa suka fi baƙi yawa, Shafshawan. Vilcabamba na bar wa mai ƙoshin lafiya da aljihunsa bai da nauyi. Ko wanne ka ɗauka, fara da hayar wata uku, kuma ka sa ta faɗo a mummunan lokacin: Oktoba a Boquete, Janairu a Bansko da Shafshawan, Maris a Vilcabamba lokacin da ruwa ke zaftaro ƙasa kan hanyar Loja.